Pazi Mai Ga-ruwa Ya Juya wa Sindano Ƙeya

A unguwar Kwa Dunga, can kudancin birnin Darussalam inda kwalta take ƙarewa yashi ya karɓa, in ka ce Pazi ba mai tambayar ka wane Pazi. Mai ga-ruwa ne, gajere mai faɗin ƙirji, wuyansa ya shige cikin kafaɗu saboda turin kura. Tun yana saurayi ya gaji sana'ar daga kawunsa, ya gaji kurar ma da jarkokinta masu ruwan ɗorawa waɗanda a da man girki ne a cikinsu. Yakan je rijiyar burtsatsen wani attajiri a bayan layin dogo ya ciko, ya turo ta Tudun Maƙabarta, ya bi gida-gida. Yawancin waɗanda suka tashi a unguwarmu da ruwan Pazi aka wanke su ranar da aka haife su, da yawa kuma cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da ruwansa aka yi musu wankan ƙarshe.

Ba mai yawan magana ba ne, 'yan kalmomin da yake da su kuwa ya maimaita su har yara sun haddace. In ka gaishe shi ka ce yaya aiki, sai ya ce, "Kafaɗa na nan." In ya iso gindin tudu za ka ji shi yana ce wa kansa, "Tura, gaba gangara ce," ko da ya san bayan wannan tudun wani tudun ne yake jiransa. Matan unguwa masu neman tsokana sukan tambaye shi yaushe zai huta ya ajiye tumbi kamar mazan mutane. Amsarsa ɗaya ce, rani da damina: "Sai ranar da famfo ya yi magana."

Famfon da yake nufi kowa ya san shi. An kafa shi a bakin filin ƙwallo wata shekara da zaɓe ya matso. Aka zo da motoci, aka yanka ƙyalle, muka yi tafi, ruwa ya zubo na yinin nan, daga nan ya ɗauke ɗif. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zama turken ɗaure akuya.

Wannan famfon ne sanadin haɗuwar Pazi da Kibwana Dilunga, telan da gari ya fi sani da Sindano, wato allura. A lokacin gambarar zamani, wadda ake kira hip-hop, ta shigo gari da zafinta, samari sun sa manyan wanduna suna ta kwaikwayon Turancin da ko su ba sa ji. Kibwana yana cikin na farkon da suka ce a yi ta da harshen gida, a kuma faɗi abin da yake ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Yana taka keken ɗinki yana jera baiti daidai da bugun ƙafarsa. Wata rana Pazi ya kawo ruwa shagon, yana cikin juyewa a duro sai ya ji tela ya ja wani dogon layi, numfashi ya ƙare masa kafin ya kai ƙarshe. Ko ɗagowa bai yi ba ya jefa masa kalmar da ta rage. Kibwana ya tsayar da keke ya dube shi, ya sake jan wani layin, da gangan ya bar ƙarshen, Pazi ya sake cikewa. Ranar nan gidaje da yawa sun yi girkin rana a makare.

Haka Pazi ya zama ɗan karɓin Sindano. Aikin ba amshi ba ne irin wanda kowa zai iya. Mawaƙin gambara gudu yake yi da magana, dole kuma ya sha iska, to a daidai gurbin da zai sha iskar nan na biyunsa zai faɗi kalmar ƙarshe da ƙarfi, mai sauraro ya ji kamar daga baki ɗaya ta fito. Ba a sa hoton ɗan karɓi a bangon kaset, ba a tambayarsa komai a rediyo. Sai ranar da ba ya nan ake gane cewa waƙar duk ramuka ce. Pazi bai taɓa jin haushin haka ba, don shi a ganinsa ba wani bambanci tsakanin wannan da kai ruwa: ka zo a kan kari, ka cika inda ya rage, ka wuce.

Waƙar da ta fito da su ita ce "Famfon Ado". Har yau in dattijon Kwa Dunga ya ji farkonta sai tsikar jikinsa ta tashi:

An ba mu famfo na ado, akuya ce ta san amfaninsa,
uwata ta yi sanƙo da bokiti, wa zai biya ta gashinta?

"Amfaninsa" da "gashinta" na Pazi ne, kuma yakan faɗe su kamar mai sauke jarka a ƙasa. Kaset ɗin ya shiga motocin haya na daladala ya zagaye gari. Allura ta tono garma, 'yan jarida suka zo suka ɗauki hoton famfon har da akuyar. An taɓa kashe musu janareto ana tsakiyar wasa bisa umarnin wasu masu iko, jama'a suka ƙarasa waƙar da baki. An yi suna, an sha yabo, amma ruwa dai bai zo ba, Pazi kuma bai fasa tura kurarsa da safe ba.

Masoyan wannan waƙa suna da majalisarsu, da'irar da suke kira kilinge, duk Asabar a gindin mangwaron bakin fili. Alƙalinta Chaurembo ne mai sayar da gahawa, dogo siriri mai kaifin baki. Dokarsu sananniya ce: kiɗa ya zama mai nauyi, a hankali, wanda kai kaɗai yake gyaɗawa. Duk kiɗan da ya gangara ƙasa da wuya ya kai ga ƙugu, to ba saƙo a cikinsa, kasuwa ce. Wanda ya karya doka ba a yi masa ihu, ba a jifansa. Juya masa ƙeya ake yi gaba ɗaya har ya sauka, kuma wanda aka juya wa ƙeya ya bar kilinge ke nan har abada, sunansa ma ba a ƙara kamawa. Sai dai hukuncin ba ya tabbata sai ɗan karɓin mutum shi ya fara juyawa, domin shi ya fi kowa sanin ko abokinsa ya sayar da bakinsa ko bai sayar ba.

Shekaru suka shuɗe, kasuwar waƙa ta sauya. Gari ya koma waƙoƙin soyayya da rawa, tsaran Sindano wasu suka bi kasuwa aka juya musu ƙeya, wasu suka ajiye makirufo suka kama noma. Shi ya tsaya a kan keken ɗinkinsa da fushinsa. Gemu ya yi fari, tabarau ya hau hanci, ciwon asma ya sa numfashin da ma can gajere ne ya ƙara gajarta, har rabon Pazi a kowane baiti ya riƙa ƙaruwa ba tare da an yi shawara ba. Masoyan ma sun tsufa. Sun yi tumbi, sun yi surukai, wasu suna yawo da maganin hawan jini a aljihu, amma ba su yarda Sindano ya tsufa ba. Su dai a ba su shi yadda suka san shi suna samari, jijiyar wuya a tashe, yatsa yana nuna sama. Duk shekara in an yi babban taron kilinge da "Famfon Ado" ake rufewa, su yi ta gyaɗa kai idanu a rufe, kowa ya koma gida yana jin ƙuruciyarsa ta dawo.

Sai ga shi wata shekara an zo ana haƙa rami ana binne bututu. Ba wanda ya ɗaga kai, don mun saba gani. Wata safiya famfon bakin fili ya yi tari, ya tofar da tsatsa, sai ga ruwa. Aka ce na yini ne. Ya kwana, ya yi mako, ya yi wata, aka fara ja zuwa cikin gidaje. Mata suka cika unguwa da guɗa. Da suka hango Pazi da kurarsa suka yi masa caa, wai famfo ya yi magana, sai a je a huta a ajiye tumbi. Ya yi dariya tare da su, dariyar gaske, domin ya san wuyan kowace a cikinsu da abin da ya ɗauka.

Amma faɗuwar wani tashin wani. Gidajen da yake kai wa ruwa suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da ya zagaye unguwa ya dawo da jarkokinsa cike. Ya jingine kura a bangon gidansa, tayarta ta sace, kaza ta samu wurin ƙwai a ƙarƙashinta. Yakan je kasuwa ya yi dakon gawayi ko siminti in an samu, gwiwa kuwa ta fara ba shi labari. Soyayyen rogon da matarsa Siwema take sayarwa a ƙofar makaranta shi ya koma riƙe gidan. Pazi ya yi murna da zuwan ruwa, kuma zuwan ruwa ya karya shi, ya kuma ji kunyar a ce abin da ya shekara talatin yana roƙo a waƙa shi ne yake sa shi baƙin ciki. Don haka bai gaya wa kowa ba. In an gaishe shi sai ya ce kafaɗa na nan.

Ana cikin haka Sindano ya jefa wa kilinge dutse. Wata Asabar aka ce ya yi "Famfon Ado" ya ce ba zai yi ba. Ya kama wuyan rigarsa ya nuna musu, ya ce da ruwan famfon nan aka wanke ta da safe, shi kuwa bai taɓa yin ƙarya a waƙa ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Aka ce ya yi ta don tarihi, ya ce su adana ta su sa ranar sadakar bakwai ɗinsa. Chaurembo ya kurɓi gahawa ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya biyo baya ya fi muni a wurinsu. Mwamvita, matar Sindano, mace ce da ba ta ajiye magana a ciki. Ta ce da mijinta ya shekara talatin yana waƙar sanƙon uwarsa amma bai taɓa ɗora bokiti a kansa ba, yanzu kuma da bokitin ya sauka ya rasa waƙa ɗaya tak da waɗanda suka ɗauke shi za su taka. Maganar ta shige shi. Ya zauna ya haɗa "Bokiti Ya Sauka", ya ɗora ta a kan singeli, kiɗan nan na gidan biki mai gudu kamar an koro ɓarawo. Ya rera ta a bikin 'yar maƙwabta don a yi dariya, wayoyi suka ɗauka. Kafin wata ya zagayo ta kama gari: 'yan acaɓa, shagunan kitso, gidajen rediyon da suka manta yana raye. Yaran da ba a haife su ba lokacin "Famfon Ado" suka riƙa tsayawa a ƙofar shagonsa suna ɗaukar hoto da Tsoho Mai Bokiti.

Da za a shiga situdiyo a naɗe ta sosai, Sindano ya aika aka kira Pazi. Pazi ya same shi a kan keken ɗinki, yadda ya fara ganinsa.

"Ka ji waƙar kuwa?" in ji Sindano.

"Ba na jin kiɗan ƙugu."

"Ban ce ka ji kiɗan ba. Maganar ciki nake tambaya."

"Kibwana, in kiɗa ya sauka ƙasa da wuya ba magana a ciki. Kai ka koya mini."

"To ashe na koya maka ba daidai ba. Zo mu je, numfashina ba zai kai ba."

"Ga mata nan cike da gari, su karɓa maka. Ni ban iya rawa ba."

Pazi ya fita bai ko taɓa gahawar da aka zuba masa ba. Gaskiyar magana bai saurari waƙar ba ko sau ɗaya. In ɗan acaɓa ya wuce da ita sai ya yi kunnen uwar shegu, in Siwema ta fara rera ta a bakin murhu sai ya tashi ya bar gidan. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, mutumin da ya ba aron numfashinsa tun suna samari yana can yana rawar abin da ya kashe masa kasuwa. Bayan kwana biyu ya hango Sindano ta taga ya zo ƙofar gidansa, ya tsaya ya daɗe yana kallon kurar da kazar da ke ƙarƙashinta, sannan ya juya bai yi sallama ba. Pazi ya ɗauka tausayi ne, sai fushinsa ya ƙaru.

Da babban taron shekara ya matso, Chaurembo ya tara dattawan kilinge. Ya ce ba sai an kira boka ba, masu bututu sun saye Sindano, in ba haka ba me zai sa mai fushin shekara talatin ya wayi gari yana kaɗa ƙugu. Aka yanke cewa in ya hau dandamali da wannan kiɗan za a juya masa ƙeya. Daga nan duk idanu suka koma kan Pazi, don in bai fara ba, ba wanda ya isa ya juya. Pazi ya ce zai juya.

Da labari ya kai ga Siwema ba ta yi faɗa ba. Tana feren rogo ta ce masa, "Kai da famfo kake fushi, amma famfo ba shi da fuskar da za ka juya wa ƙeya, shi ya sa ka nemi ta abokinka." Ya ce mata sha'anin kilinge ba na mata ba ne. Ta ce haka ne, sha'aninsu bokiti ne, ta ci gaba da ferenta.

Ranar Asabar bayan la'asar filin ƙwallo ya cika yadda bai taɓa cika ba. A da taron kilinge 'yan tsirarun maza ne a gindin mangwaro, yau kuwa ga matan unguwa da zannuwansu na kanga, ga 'yan acaɓa sun jera babura, ga samari daga wasu unguwanni, har da mutanen rediyo da kayan ɗaukarsu. Dattawan suka ja layi a gaba cikin baƙaƙen rigunansu na da, waɗanda suka koɗe kuma suka daina rufe cibiya. Pazi yana tsakiyarsu. Sindano ya hau dandamali a hankali yana dafa gwiwa, riƙe da makirufo biyu. Ya ajiye ɗaya a kan kujera a gefensa na hagu, inda Pazi ya saba tsayawa.

Kiɗa ya tashi, singeli ne tsagwaronsa. Chaurembo ya dubi Pazi. Pazi kuwa ya san namiji ba ya magana biyu. Ya juya. Layin dattawa gaba ɗaya ya juya tare da shi.

A nan lissafinsu ya kwance. Duk juya ƙeyar da suka taɓa yi, a gindin mangwaro suka yi ta, inda in ka juya ba abin da za ka gani sai fili da raga. Ba wanda ya tuna cewa yau in suka ba dandamali baya, Kwa Dunga gaba ɗaya za su fuskanta. Pazi ya tsinci kansa ido cikin ido da matan da ya shekara da shekaru yana sauke wa ruwa. Kowace ta zo da bokiti wayam ta ɗaga shi sama tana juyi. Ga tsofaffin da tsakiyar kansu ba gashi sun ture ɗankwali suna rawa ba kunya. Ga Siwema a sahun gaba, rawar da bai ga ta yi ba tun suna amarci. Abin ya fi ƙarfin idonsa, ya runtse su. Da ya runtse kuwa ba abin da ya rage masa sai kunne, kunnen da ya yi wata da watanni yana toshewa.

Sai ya ji maganar. Baitin farko na wuyan mata ne da ciwon bayan da suka ɗauka gado ne. Na biyu na 'yan matan da layin rijiya ya cinye musu makaranta, sannan sunayen matan unguwa da suka rasu ba su ga ruwan ba, ɗaya bayan ɗaya, har da mahaifiyar Pazi. A duk inda Sindano ya tsaya shan iska, mata ne suke cike masa da murya ɗaya. Allurar nan dai ita ce, kaifinta bai ragu ba, zaren ne kawai aka sauya. Pazi ya ji kunya ta rufe shi, amma ya riga ya juya, bai san ta inda ake komawa ba.

A nan waƙar take ƙarewa a rediyo. Mata suka fara sauke bokitai, sai kiɗa ya ƙi tsayawa. Sindano ya shiga baiti na uku wanda ba wanda ya taɓa ji, muryarsa ta fara shaƙewa, Pazi yana jin ƙirjin nan yana fito, fiton da ya sani kamar kukan tayar kurarsa.

Bokiti ya sauka, mun yi guɗa, amma ku tsaya in yi tambaya,
wanda ya shayar da ku da famfo yana bebe, wa ya leƙa ya ga kwanansa?
Na gaishe shi da safe, na ce yaya aiki, sai ya ce da ni…

Ya yi shiru. Kiɗa ya zagaya shi kaɗai, gurbin yana nan a buɗe. Pazi ya buɗe ido. Ba mace ɗaya a filin nan da ba ta san amsar ba, ba kuma wadda ta buɗe baki. Duk shi suke kallo. Mwamvita ta ɗaga hannu ɗaya sama, alamar kowa ya riƙe bakinsa. Baƙin samarin da ba su san dawan garin ba suka fara dariya da fito, wani ya ce tsoho ya manta waƙarsa, a kawo masa kujera. Sindano ya sake jan layin daga farko, numfashin ya ƙara sirancewa, ya zo gurbin ya sake tsayawa. Sai a lokacin Pazi ya gane abin da abokinsa ya yi. Ya ɗinka baitin ne da ramukan da ya hana kowa cikewa, ya ɗora sunansa da mutuncinsa a gaban gari da mutanen rediyo, a kan mutumin da ya ba shi baya.

Sabo turken wawa. Kafin Pazi ya gama shawara da zuciyarsa, bakinsa ya riga shi. "Kafaɗa na nan," ya faɗa, a hankali, na kusa da shi kaɗai suka ji. Siwema ta ajiye bokitinta, ta ratsa layin dattawa kamar ba ta gan su ba, ta miƙa hannu ta ɗauko makirufon kan kujera ta danƙa masa. Sindano ya ja layin a karo na uku, da ƙyar ya kai. Wannan karon amsar ta fito ta lasifika, da nauyin nan na sauke jarka, daga bakin mutumin da har yanzu ƙeyarsa ce take kallon dandamali. Filin ya ɗauki guɗa. Sindano ya ci gaba, Pazi yana cike masa:

Ya kai gindin tudu, gwiwa ta ce a'a, zuciya ta ce masa…

"Tura, gaba gangara ce."

Kun tambaye shi yaushe zai huta, me ya ce muku?

"Sai ranar da famfo ya yi magana."

Sindano ya ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa cak. Ya tsaya yana haki har numfashi ya dawo masa, sannan ya faɗa ba da waƙa ba, da muryarsa ta tela: "To famfo ya yi magana, Kwa Dunga. Saura ku."

Pazi ya juyo. Hawaye ne a fuskarsa, bai kuma ɓoye ba. Ya hau dandamali ya tsaya a gefen hagu, aka sake sakin kiɗa, suka ɗauko waƙar daga farko. Waƙar da ya rantse bai taɓa ji ba, bai kuskure gurbi ko ɗaya a cikinta ba, domin ba kalmomin yake bi ba, numfashin mutumin yake bi. Dattawa suka rasa abin yi, tunda wanda hukunci yake hannunsa ya warware shi. Suka riƙa juyowa ɗaya-ɗaya. Chaurembo ne na ƙarshe, shi ma wai hularsa ce ta faɗi yake nema, ko da yake hular tana kansa. Daga baya ya shaida wa majalisa cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma shi da ma can bai taɓa cewa an sayi Sindano ba. Aka dai sha gahawarsa.

Allura ta sake tono garma. Kwamitin matan da ke kula da famfunan unguwa suka zauna a makon nan, suka ce ba za a ɗauko baƙo ya tsare musu ruwa ba alhali ga waɗanda suka san darajarsa. Aka raba wa tsofaffin masu ga-ruwa famfunan kan layi, Pazi aka ba shi makullin famfon bakin fili, turken akuyar nan na da. Wasu unguwannin da suka ji baiti na uku a rediyo suka yi koyi.

Yanzu a nan za ka same shi, a kan benci ƙarƙashin laima, yana buɗewa yana rufewa, yana korar yaran da suke wasa da ruwa. Tumbin da mata suka daɗe suna yi masa fata ya fara leƙowa. Ranakun Asabar shi da Sindano sukan bi gidajen biki da rana, daga nan su wuce kilinge, inda yanzu mata ma suke zama. Har gobe yana nan a kan bakansa cewa singeli ba kiɗa ba ne, hayaniya ce, kuma a kan dandamali ƙiƙam yake tsayawa, wuya kaɗai yake motsi, ko da yake Siwema ta rantse ta ga gwiwar hagu tana cin amanarsa.

In ka bi ta wurin ka gaishe shi ka ce yaya aiki, ba zai ba ka amsa ba. Shiru zai yi yana murmushi, ya bar gurbin a buɗe, don ya san duk wanda yake kan layin famfon nan, babba ko yaro, zai ƙarasa masa.